Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Sauro da Yadda Sabon Jinsi Ke Samuwa

A shekarar 1954 aka ƙaddamar da wani aikin gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin Sakkwato, aka kafa cibiyarsa a Birnin Kebbi. Ma'aikata suna bin ƙauyuka ɗaki-ɗaki, suna fesa magungunan ƙwari a jikin bango da jinka, ciki har da wani sabon magani mai ƙarfi da ake kira diyeldirin. Da farko abin ya yi kyau, sauro ya yi ta zuba. Amma kafin shekarar 1955 ta ƙare sai aka lura cewa a wuraren da aka fesa diyeldirin akwai sauron da ke sauka a kan bangon, ya huta, ya tashi lafiya lau. Sauron kuwa shi ne wanda masana ke kira Anopheles gambiae, wato jagaban masu yaɗa maleriya a nahiyar Afirka.

An aika da irin wannan sauro mai taurin kai zuwa Cibiyar Ross da ke Landan, inda wani masanin ƙwari mai suna George Davidson ya shiga kiwonsa a keji. Abin da yake son sani shi ne yadda 'ya'ya ke gadon wannan juriya daga iyayensu. Saboda haka sai ya haɗa sauron yankin Birnin Kebbi da wani wanda aka kawo daga Legas, wanda magani ke kashewa, suka yi barbara. Ya sami amsar da yake nema: ƙwayar gado guda ɗaya ce ke ɗauke da juriyar, kuma tana bin dokokin gado da Mendel ya bayyana. Sai dai ya ci karo da wani abin da bai je nema ba. 'Ya'yan da aka samu sun ƙyanƙyashe, sun girma, suna tashi kamar kowane sauro, amma mazan cikinsu ba sa haihuwa. Da aka feɗe su a ƙarƙashin madubin likita, sai aka tarar marainansu sun tsumbure.

Iyayen nan biyu kuwa babu wanda ya isa ya bambanta su da ido. Fiffike iri ɗaya, zanen ƙafa iri ɗaya, suna ɗaya a littafi, ƙasa ɗaya. To me ya shiga tsakaninsu?

Mene ne jinsi?

Duk wanda ya taɓa ganin alfadari ya riga ya san rabin amsar. Jaki ne ubansa, goɗiya ce uwarsa, ya ɗauko ƙarfin doki da haƙurin jaki, amma a kansa zuriya take tsayawa. Namijin alfadari bakarare ne, mace kuma sai a daɗe ƙwarai ba a ji wadda ta haihu ba. Ke nan jinin doki ba shi da hanyar kwarara zuwa cikin garken jakuna, na jaki ma ba shi da hanyar shiga cikin dawaki. Ko da an ɗaure su a turke ɗaya shekara dubu, doki zai ci gaba da zama doki, jaki kuma jaki.

A kan wannan ne wani masani haifaffen Jamus, Ernst Mayr, ya gina ma'anar da ya bai wa kalmar jinsi a shekarar 1942, wadda har yau ita aka fi koyarwa a makarantu. A taƙaice, jinsi shi ne taron halittu waɗanda a zamansu na yau da kullum suke iya barbara da juna su haifi 'ya'ya masu haihuwa, kuma akwai abin da ya raba su da sauran taruka ta wannan fuska. Ya kamata mai karatu ya lura da abin da ma'anar ta bari a waje: ba ta ce komai game da kama ba. Ƙaton sa na Bunaji da ɗan guntun Muturu na kudu sun sha bamban a girma da ƙaho da tozo, amma suna haihuwa da juna. Sauron Davidson kuwa kamar an tsaga kara, amma katanga ce tsakaninsu.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a azuzuwa, wanda ya kamata malamai su yi hattara da shi. Akan ce alfadari ba ya haihuwa ne kawai domin doki yana da kuromosom 64, jaki yana da 62, shi kuma ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu. Lissafin daidai ne, amma bai gama bayani ba. Dokin jeji na ƙasar Mongoliya yana da kuromosom 66. Idan ya haihu da dokin gida ɗan yakan zo da 65, kuma yana haihuwa sarai. Babbar matsalar alfadari ita ce kuromosom ɗin uwarsa da na ubansa sun bambanta a tsari, ta yadda ba sa iya jeruwa biyu-biyu a lokacin da jiki ke ƙera maniyyi ko ƙwai. Sauron Birnin Kebbi da na Legas kuwa kowannensu kuromosom 6 gare shi, ba ragi ba ƙari, amma duk da haka 'ya'yansu maza sun fito bakarare. Shi ma wannan zaɓen maza ba haɗari ba ne. Tun a 1922 J. B. S. Haldane ya lura cewa idan ɓangare ɗaya ne kawai na 'ya'yan ruwa biyu ya nakasa, to yawanci ɓangaren da ke ɗauke da kuromosom na jinsi iri biyu ne, wato mai X da Y. A wajen dabbobi masu shayarwa da wannan sauro, namiji ke nan.

Davidson ya ci gaba da tattaro sauro daga sassan Afirka yana haɗa su. Ya zuwa 1962 ya tabbatar da cewa sun kasu gida biyu, ya kira su A da B: a cikin gida haihuwa lafiya, tsakanin gida da gida kuwa maza bakarare. Ba da jimawa ba Hugh Paterson ya gano na uku a kudancin Afirka, aka kira shi C. Daga baya A ya riƙe sunan gambiae, B ya zama arabiensis, C kuma quadriannulatus. Akwai wasu biyu masu hayayyafa a ruwan gishiri na gaɓar teku, melas a yamma da merus a gabas, da wani da ake samu kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi a Yuganda. A yau abin da a 1955 ake ɗauka sauro ɗaya ne an san cewa jinsuna ne aƙalla tara, na baya-bayan nan an bayyana shi a 2019 daga wani daji na ƙasar Gabon.

Wannan ba wasan ba da suna ba ne. Gambiae jinin mutum yake so, a cikin ɗaki yake cizo, a bango yake hutawa. Arabiensis ba ya ƙin jinin shanu, kuma sau da yawa a waje yake kwana, inda feshi ba ya kai wa. Quadriannulatus dabbobi yake bi, ba ya cikin masu yaɗa maleriya. Jami'in lafiyar da ya kama sauro bayan feshi bai san wanne ya kama ba, yana iya yanke cewa aikinsa ya lalace alhali ya yi nasara, ko ya yi murna alhali abokin gaba yana nan a bayan gida. An ga haka a yammacin Kenya a shekarun 2000: da gidan sauro mai magani ya yawaita, gambiae ya ja baya ƙwarai, arabiensis ya zama shi ne mafi rinjaye a wasu yankuna.

Yadda katangar ke tashi

Tambayar da ta fi wuya ita ce: ta yaya zuriya ɗaya take rabuwa har 'ya'yanta su kasa haihuwa da juna? Ai ko wane ɗa jinsin uwarsa ne, babu ranar da za a nuna a ce yau ne aka haifi sabon jinsi.

Hanyar da aka fi fahimta ita ce ta rabuwar wuri. Kimanin shekaru miliyan 3 da suka wuce, sirin ƙasar Fanama ya gama tasowa daga ƙarƙashin ruwa, ya raba tekun Fasifik da na Karibiyan. Akwai wasu ƙananan jatan lande da wannan tudu ya raba gida biyu. A 1993 Nancy Knowlton da abokan aikinta suka ba da rahoton abin da ya faru da suka ɗauko su daga ɓangarorin biyu suka haɗa namiji da mace a akwatin ruwa ɗaya. Kamanninsu kusan ɗaya ne, amma da yawansu maimakon barbara sai faɗa, kuma da ƙyar aka sami ƙwan da ya yi albarka. Waɗanda suka fi daɗewa a rabe kuwa su suka fi ƙin juna.

Abin da ke faruwa a irin wannan hali ya yi kama da abin da ke faruwa da harshe. Basakkwace da Bakano suna jin juna duk da bambancin karin harshe, domin kasuwa da aure da tafiya ba su taɓa yankewa tsakaninsu ba. Duk sabuwar kalmar da ta ɓullo nan, gobe tana can. Gwandara kuwa, wanda masana harshe suka ce shi ne ɗan'uwan Hausa mafi kusa, ya yi zamansa daban tsawon ƙarnoni, har ya zama Bahaushe ba ya jinsa sai ya koya. Haka ƙwayoyin gado suke. A kowane zamani akan sami 'yan canje-canje a cikinsu. Muddin ana barbara, canjin yana zagaya kowa. Idan aka yanke hanya, kowane ɓangare sai ya riƙa tara nasa, muhallinsa kuma yana tace wanda zai ɗore.

Theodosius Dobzhansky da Hermann Muller ne suka bayyana yadda wannan tarin canji ke zama rashin haihuwa ba tare da wani ɓangare ya cutu a hanya ba. Ƙwayoyin gado ba sa aiki su kaɗai, biyu-biyu ko fiye suke aiki, kamar kwado da mabuɗinsa. A ɗauka a gida na farko an ɗan goge haƙorin mabuɗi, amma har yanzu yana buɗe tsohon kwado. A gida na biyu kuma cikin kwadon aka ɗan sauya, tsohon mabuɗi yana buɗe shi. Kowane gida yana zaune lafiya. Ranar da aka haifi ɗan ruwa biyu ce rana ta farko da sabon mabuɗi ya gamu da sabon kwado, kuma ba a taɓa gwada su tare ba. Idan ƙofar da suke tsaro ita ce ta ƙera maniyyi, to ga alfadari nan.

Wannan katanga ce ta bayan barbara, kuma tana da tsada, domin uwa ta yi asarar ƙwanta. Akwai kuma katangar da ke hana barbarar tun farko: bambancin lokaci, ko wurin haɗuwa, ko ƙamshi, ko kuka. A zahiri ita ce ta fi aiki a daji. Gambiae da arabiensis suna kwana a ɗaki ɗaya a ƙauyuka da yawa, kuma 'ya'yansu mata na ruwa biyu suna haihuwa, amma idan aka kama sauro dubu da wuya a sami ruwa biyu fiye da ɗaya ko biyu.

Daga Garki zuwa Mali

Haɗa sauro a keji a jira 'ya'ya aiki ne na makonni. Wanda ya kawo hanya mafi sauri shi ne Mario Coluzzi, masani daga Jami'ar Rum ta Italiya. A cikin mahaifar macen sauro da ta sha jini ƙwanta ya fara nuna, akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ɗauke da manya-manyan kuromosom, waɗanda idan aka rina su ana ganin zanensu ratsi-ratsi kamar saƙi. Coluzzi ya koyi karanta wannan zane, ya kuma gano cewa kowane jinsi yana da nasa.

Ya yi amfani da wannan hanya a aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnati suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a ƙauyukan Garki, a lokacin cikin Jihar Kano, yanzu cikin Jigawa. An fesa magani a ɗakuna da kyau, an raba ƙwayoyi a wasu ƙauyukan, cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne sauron ba halinsa ɗaya ba: wani kaso nasa yana cizo ya fice ba tare da ya taɓa bango ba.

A nan Coluzzi ya mai da hankali kan wani abu da ake kira juyin kuromosom. Idan aka ɗauki carbi aka yanke wani sashe daga tsakiya, aka juya shi kai ya koma ƙafa aka sake ɗaurewa, duwatsun suna nan cif, jerin ne ya sauya. Muhimmancin wannan shi ne, a lokacin da jiki ke ƙera ƙwai ko maniyyi, kuromosom na uwa da na uba sukan yi musayar gutsattsari. Amma sashen da ya juya ba ya musaya da wanda bai juya ba. Ƙwayoyin gadon da ke cikinsa sai su zama dami guda, ana gadonsu tare. Da aka bi Nijeriya daga kurmin kudu zuwa sahel, sai aka ga wasu daga cikin waɗannan damman suna ƙaruwa gwargwadon yadda ƙasa ke bushewa, suna kuma ƙaruwa da rani su ragu da damina. Har a cikin ƙauye ɗaya, rabonsu a sauron cikin ɗaki ya bambanta da na sauron waje.

A shekarun 1980 Coluzzi da Yeya Touré na ƙasar Mali suka ga abin da ya fi wannan. A ƙauyukan da ke bakin kogin Kwara, shi kansa gambiae ya kasu rukuni-rukuni, kowanne da jerin dammansa, kuma sauron da ya haɗa jerin rukuni biyu ya yi ƙaranci fiye da yadda lissafi ya nuna in da ana barbara ba zaɓe. Suka ba rukunan sunayen Bamako da Mopti da Sabana. A 2001, da aka iya karanta sinadarin gado na DNA kai tsaye, Alessandra della Torre da abokan aikinta suka nuna cewa wata alama a kan kuromosom X ta raba gambiae gida biyu, aka kira su M da S. A 2013, shekara guda bayan rasuwar Coluzzi, Maureen Coetzee da abokan aikinta suka ɗaga M zuwa matsayin jinsi mai zaman kansa, suka raɗa masa suna Anopheles coluzzii.

Dandalin almuru

A nan ne labarin ya fi daɗi ga mai nazarin halittu, domin gambiae da coluzzii ba su cika sharuɗɗan da aka saba ba. Babu teku ko dutse tsakaninsu. Idan aka tilasta musu barbara a keji, 'ya'yansu maza da mata duka suna haihuwa. Wato kwado da mabuɗi har yanzu suna aiki. Amma a mafi yawan ƙasashen da suke zaune tare, ruwa biyu ba sa kai kashi 1 cikin 100.

Bambanci na farko yana cikin ruwa. Gambiae ɗan damina ne: tsutsarsa tana girma a 'yan guraben ruwan sama, sawun kofaton shanu, sawun tayar mota, ruwan da zai ƙafe cikin kwanaki. A irin wannan wuri babu maƙiya da yawa, tsere da rana kawai ake yi, kuma tsutsar gambiae ta fi saurin girma. Coluzzii ya fi son ruwa mai daɗewa, musamman fadamun shinkafa da magudanan noman rani. Irin wannan ruwa cike yake da mafarauta, ciki har da wani ƙwaron ruwa mai iyo a rigingine. Gwaje-gwajen da aka yi a kwarin Kou na ƙasar Barkina Faso sun nuna cewa idan wannan ƙwaro yana kusa, tsutsar coluzzii takan rage motsi ta lafe a gefe, ta fi ta gambiae tsira. Kowannensu gwani ne a gidansa, baƙo a gidan ɗan'uwansa.

Sun kuma bambanta a yadda suke cin rani. A ƙarshen daminar 2008, a ƙauyen Thierola na Mali, Tovi Lehmann da abokan aikinsa suka shafa wa sauro kusan 7,000 alamar fenti suka sake su. Bayan wata bakwai, da ruwan farko ya sauka, aka sake kama mace ɗaya da alamarta, coluzzii ce, alhali sauro ba ya wuce 'yan makonni a duniya. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a sahel coluzzii yakan ɓuya ya yi likimo har rani ya wuce, shi ya sa yake cika gari da zarar an yi ruwan fari. Gambiae kuwa ɓacewa yake yi, sai damina ta yi nisa yake dawowa daga wasu wurare.

Amma katangar kanta da almuru ake ganinta. Sauro ba ya barbara ko'ina. Idan rana ta faɗi, mazan sukan taru su yi dandazo a iska, suna shawagi a kan wuri guda na wajen minti ashirin zuwa talatin, gobe ma su dawo nan ɗin. Mace takan shigo, namiji ɗaya ya kama ta, su fice tare. Yawanci sau ɗaya take barbara a rayuwarta, ta adana maniyyin tana amfani da shi duk lokacin da za ta yi ƙwai. Saboda haka kuskuren zaɓe ba shi da gyara. A ƙauyen Donéguébougou na Mali, Abdoulaye Diabaté da abokan aikinsa sun bi waɗannan dandazo da ragar kamu, suka bayyana sakamakon a 2009. Mazan gambiae a kan fili fetal suke taruwa. Mazan coluzzii kuwa sai inda akwai wata alama mai duhu da haske a ƙasa: tarin itace, bakin rijiya, juji, ko inda ciyawa ta yi iyaka da turba. Tazarar dandali da dandali ba ta wuce 'yan taku ba, amma kusan ba a sami wanda ya je na wani ba. A wasu ƙauyukan Barkina Faso an sami dandazon da ya cakuɗa, amma duk da haka barbarar gauraye ta yi ƙaranci, abin da ke nuna akwai tantancewa ta biyu idan an zo gab da gab. Amon fiffike da ƙamshin jiki su ne abubuwan da ake nazari a kai.

Tun kafin a san duk wannan, katangar almuru ta taɓa kayar da Davidson kansa. A 1968 ya yi tunanin mai da bakararen namiji makami: tunda mace sau ɗaya take barbara, idan ta faɗa hannun bakarare to ƙwanta ya tashi a banza. Aka haɗa melas da arabiensis aka samar da ruwa biyu kimanin 300,000, aka sake su a ƙauyen Pala kusa da Bobo-Dioulasso. Mazan sun rayu, an yi ta kama su a ƙauyen, amma ƙwan matan gari ya ci gaba da ƙyanƙyashewa, in ban da ɗan kaɗan. A keji sun yi gogayya da kowa. A fili kuwa matan ba su kula su ba.

Coluzzi yana ganin cewa ɗan Adam ne da kansa ya share fagen wannan rabuwa, lokacin da ya fara sare daji yana noma, yana tare ruwa, ya samar da sabon gida ga duk sauron da ya iya zama a cikinsa. Shinkafar Afirka dai an fara nomanta ne a yankin kogin Kwara na Mali kimanin shekaru 3,000 da suka wuce. Wasu ƙididdigar da aka yi da DNA sun kai farkon rabuwar can baya, dubun-dubatar shekaru, wato kafin noma. Ko da hakan ne, fadamar shinkafa ta faɗaɗa wa coluzzii gida, ta kuma ba shi damar hayayyafa a watannin da babu ruwan sama.

Ɓarakar da ke jikin katanga

Kashi 1 cikin 100 ƙaramin abu ne, amma ƙofa ce. Magungunan da aka daɗe ana jiƙa gidan sauro da su, dangin fairitiroyid, suna kashe ƙwaro ne ta hanyar kama wata kafa a jijiyarsa. Akwai wani ɗan canji a ƙwayar gadon da ke ƙera wannan kafa, ana kiransa kdr, wanda ke rage kamun maganin. A Afirka ta Yamma an fara ganinsa da yawa a cikin gambiae, coluzzii kuwa a wurare da dama ba shi da shi. A ƙauyen Selinkenyi na Mali, inda masana suka yi shekaru suna bibiyar sauro, an sami wani ɗan lokaci a 2006 da ruwa biyu suka yawaita. Waɗannan suka koma suka yi barbara da coluzzii, 'ya'yansu ma haka. A daidai lokacin ne ake ta raba gidan sauro mai magani a ƙasar, saboda haka duk coluzzii da ya gaji kdr ta wannan hanya ya fi 'yan'uwansa rayuwa. Cikin 'yan shekaru yawancin coluzzii na ƙauyen suna ɗauke da shi, tare da wani babban yanki na kuromosom ɗin gambiae da ya biyo shi. An ga irin wannan a kudancin Ghana.

Abin lura shi ne jinsunan biyu ba su narke sun zama ɗaya ba. Abin da ke da amfani ya tsallaka, sauran halaye suka tsaya inda suke, alamar kuromosom X ta ci gaba da raba su, kowa ya ci gaba da zuwa dandalinsa. Wannan ya sa masana da yawa a yau ba sa kallon iyakar jinsi a matsayin garu, sun fi kallonta a matsayin rariya: tana tare wasu ƙwayoyin gado, tana barin wasu su wuce. Ma'anar Mayr tana nan da amfaninta, amma ɗalibin da ya haddace ta ya ɗauka ko dai ana haihuwa ko ba a yi, babu tsaka-tsaki, zai sha mamaki a gaɓar Gini Bisau, inda aka sha samun ruwa biyu sama da kashi 20 cikin 100. A can rariyar ta yage sosai, a Mali kuwa tana riƙe. Doki da jaki sun gama rabuwa. Gambiae da arabiensis sun yi nisa. Gambiae da coluzzii suna kan hanya, kuma nisan da suka yi ya danganta da ƙauyen da aka je.

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutane kimanin miliyan 263 ne suka kamu da maleriya a 2023, kusan 597,000 suka rasu, kuma Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar. Binciken da aka buga a 2014 kan sauron Auyo a Jigawa da Bunkure a Kano, wuraren noman rani duka biyu, ya tarar cewa coluzzii ne ya fi yawa, arabiensis na biye, kuma coluzzii ɗin yana jure wa fairitiroyid ƙwarai, da kdr a jikin da yawa daga cikinsu. Domin irin wannan juriya ce hukumar ta ba da shawara a 2023 a koma ga gidan sauro mai haɗe da magani iri biyu. Masu binciken na Auyo da Bunkure ba su iya raba sauron nasu da madubin likita ba. Sai da aka niƙa kowanne, aka ciro DNA ɗinsa aka karanta, kafin aka san sunansa.